Tambaya a kan manna ƙananan tayil na gilashi a bangon banɗaki

Baban Ummi, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin tayil, domin na fara wani aiki ya tsaya mini a tsakiya. Ina gyara ɓangaren da ƙanena zai tare da amaryarsa, kuma biki saura mako biyar. A banɗakin an riga an sa wa bango uku manyan tayil farare, sai bangon da shawa take, wanda faɗinsa mita 1.5 ne, tsayinsa kuma daga daɓe zuwa inda nake so a tsaya mita 2.1. Shi na ware domin ƙananan tayil ɗin nan na gilashi da ake kira mozayik, masu launin shuɗi, waɗanda suke zuwa a manne a jikin raga, kowane falle santimita 30 ta kowane gefe. Na sayo falle 40 a kasuwar Ƙofar Ruwa lokacin da na shiga Kano.

Yaron da ya sa manyan tayil ɗin ya iya aikinsa, kuma ban sami inda zan kushe shi ba a waɗancan bangwaye, amma da alama bai taɓa riƙe irin wannan ba. Abin da ya fara yi shi ne ya tsoma falle ɗaya a cikin bahon ruwa kamar yadda ya saba jiƙa tayil, kafin mu gama shan shayi sai muka tarar ƙwayoyin duk sun saki ragar sun kwanta a gindin baho kamar wankakken wake. Bayan haka ya kwaɓa siminti zalla, ya yaɓa shi da kauri a bango, ya danna falle uku a kai. Siminti ya ɓullo ta kowace tsaga, shuɗin nan mai haske da ya ba ni sha'awa a shago ya koma duhu, fallayen kuma suka yi tudu da kwari. Washegari da safe na sa farce na ɓamɓaro ƙwaya shida ba tare da wata wahala ba, don haka na ce a dakata.

Bangon tsoho ne, an yi masa filasta shekaru da dama da suka wuce, kuma akwai fenti mai mai a jikinsa, wanda yaron ya ɗan sassara da guduma kafin ya fara. Abin da nake son sani shi ne ko dole sai da gam na musamman ake wannan aiki, ko farin siminti zai wadatar, sannan ko sassarar nan ta isa ko kuwa sai an cire fentin gaba ɗaya. Falle 36 suka rage mini, kuma ba na son in sake asarar ko ɗaya.

Usta Mai Tayil, Sabuwar Unguwa, Katsina

Wa alaikumus salam. Baban Ummi, Allah ya sanya alheri a bikin, kuma ka yi daidai da ka tsayar da aikin tun a falle na uku. Kada ka ga laifin yaron sosai, domin hannunsa ya saba da babban tayil, wanda ake ɗora shi a kan kwaɓi mai kauri, a buga nan a sassauta can har fuskarsa ta daidaita da ta ɗan'uwansa, ko da bangon da ke bayansa a karkace yake. Mozayik ba shi da wannan sirri. Raga ce mai laushi kamar tabarma, duk yadda bango yake haka za ta kwanta, kuma duk wani ƙulu ko rami da ke jikin filasta sai ya fito a fuskar aikin, musamman da dare idan ƙwan lantarki ya haska shi daga sama. Saboda haka mafi yawan aikin a bango yake, mannawar kanta yini ɗaya ce.

Ka sa a cire fallayen nan uku a kankare simintin tun bai ƙara ƙarfi ba. Fentin kuwa dole ya tafi duka, domin idan aka manna a kansa, to, fentin ne ke riƙe da tayil, kuma ranar da laima ta shiga bayansa tare za su sauko. Sassara da guduma ba ta wadatarwa, sai an bi shi da giranda ko abin kankara har filasta ta fito fili, a share ƙurar, a wanke. Bayan nan ka ɗauki doguwar sandar alminiyam ɗin nan da magina ke kira renji, ka kwantar da ita a bangon a tsaye da a kwance da a karkace, kana leƙa ƙarƙashinta. Inda ka ga haske ya wuce milimita uku, ka zagaye wurin da alli, domin sai an cike shi kafin a yi maganar raga.

Game da abin mannawa, gam na tayil za ka nema, wanda ke zuwa a buhu kamar siminti, kuma lallai ya zama fari, tun da gilashi yana nuna abin da ke bayansa, shi ya sa shuɗinka ya dushe a kan baƙin siminti. Ana zuba garin a cikin ruwa ne, ba ruwa a kan gari ba, a dama har ya yi kaurin da zai tsaya a cokali bai zuba ba, a bar shi kamar minti biyar, a sake juyawa. Cokalin da ake shafa shi mai haƙora ne, amma ƙananan haƙora, milimita uku zuwa huɗu, ba wanda ake aikin daɓe da shi ba. Ga kuma abin da da yawa ba sa yi: bayan an ja layukan da haƙoran, sai a juya cokalin a bi da gefensa mai santsi a kwantar da su a hankali ba tare da an kwashe gam ɗin ba. Idan aka bar layukan a tsaye, za a riƙa hango su ta cikin gilashin, sannan su ne ke kumburowa su cike tsagogin da ya kamata a bar wa abin cike tsaga.

Idan an ɗora falle, ba a danna shi da yatsu, domin yatsa yana nutsar da ƙwaya ɗaya ya bar maƙwabciyarta a sama. Katako mai shafaffiyar fuska ko cokalin roba ake ɗorawa a kai, a riƙa bubbugawa a hankali, kuma a sa katakon ya hau kan falle biyu a lokaci guda a wurin da suka haɗu, domin su yi kai ɗaya. Tazarar da ke tsakanin falle da falle ta zama daidai da wadda ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, in ba haka ba duk wanda ya shiga banɗakin zai iya ƙirga fallayenka daga bakin ƙofa.

Sai kuma maganar lokaci, tun da hunturu muke ciki. Iskar nan tana busar da fuskar gam kafin ka ankara, ya yi wata fata a sama alhali cikinsa ɗanye ne, kuma raga ba ta kama irin wannan. Kada yaron ya shafa fiye da wurin falle biyu ko uku a tashi ɗaya, a rufe taga, kuma kafin ya ɗora kowane falle ya taɓa gam ɗin da yatsa. Idan bai manne masa a yatsa ba, ya kankare ya shafa sabo. Wanda ya fara daskarewa a bokiti kuma ba a ƙara masa ruwa don a farfaɗo da shi, zubar da shi ake yi.

Injiniyan Gini, Barhim

Usta ya yi bayanin aikin hannu yadda ba zan iya ƙara komai a kai ba, don haka zan tsaya a kan dalili da kuma abin da ke bayan bangon. Siminti yana kama tayil na yumɓu ne saboda bayansa yana da ƙananan ƙofofi da ke shan ruwan kwaɓin, shi ya sa ma ake jiƙa shi domin kada ya tsotse ruwan da wuri. Gilashi ba ya shan ruwa ko kaɗan, saboda haka siminti, baƙi ne ko fari, ba shi da inda zai riƙe, kuma wannan ita ce amsar tambayarka a kan farin siminti: zai gyara launi, amma farcenka zai sake ɓamɓaro ƙwayoyin. Gam na tayil shi ma siminti ne a asali, sai dai an haɗa shi da sinadarin roba da ke manne wa abu mai santsi, da kuma wani da ke riƙe ruwa a cikin kwaɓin. Idan ka je saya, ka duba jikin buhun. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 12004, C1 shi ne na yau da kullum, C2 shi ne mai ƙarin ƙarfin kamu, harafin T yana nufin tayil ba ya zamewa ƙasa a kansa, E kuma yana nufin yana jimawa bai bushe ba bayan an shafa. Wanda aka rubuta wa C2TE, fari, shi ya dace da aikinka. Sai dai ka sani minti 30 da wannan E ɗin ke alkawari a ɗakin gwaji aka auna shi, inda babu iskar hunturu, don haka gwajin yatsan Usta ya fi abin da ke rubuce amfani a garinmu.

Abu na biyu shi ne ruwa. Mutane suna ɗauka tayil yana tare ruwa, alhali gilashin ne kawai ke tarewa, abin da ake cike tsaga da shi yana tsotsa. A babban tayil tsagogin kaɗan ne, amma a falle ɗaya na mozayik ƙwayoyi sun haura ɗari, kowace da tsaga a gefe huɗu, kuma wannan shi ne bangon da ruwan shawa zai riƙa duka safe da yamma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa tsagogin da hannunmu muka jera su. Saboda haka kafin gam a shafa maganin hana ruwa irin na siminti da ake shafawa da burushi, shafi biyu, na farko a kwance na biyu a tsaye bayan na farkon ya bushe, a lanƙwasa shi ya sauka kan daɓe, a kuma kula da kewayen bututun shawa da na famfo. Idan ɗakin kwana ne a bayan wannan bango, rashin yin haka shi ne ke sa bayan shekara ɗaya ko biyu ka ga fenti yana kumbura yana zubar da farin gari a ɗaya gefen. Kafin ma a kai nan, ka sa mai aikin famfo ya toshe bakunan bututun ya saki ruwa daga tanki ya kwana, da safe a duba ko akwai inda ya jiƙe.

A lissafi, faɗin mita 1.5 falle biyar ne, tsayin mita 2.1 falle bakwai, jimilla 35, wato falle ɗaya tak ya rage maka na ko-ta-kwana. Kada a zubar da ƙwayoyin da suka saki a baho, a wanke su a shanya, domin su za a yi ciko da su a kewayen bututu. Gam kuwa buhu ɗaya zai isa har ya yi saura, tun da bangon bai kai murabba'in mita uku da rabi ba. Ni dai shawarata a fasa tsohuwar filastar gaba ɗaya a yi sabuwa madaidaiciya, a riƙa ba ta ruwa kwana bakwai, a bar ta ta cika mako biyu kafin a ɗora mata komai, domin sabuwar filasta tana tsukewa yayin bushewa, kuma gilashi ba ya bin ta.

Maman Khalifa, Daura

Sallama ga kowa. Ni ba ma'aikaciyar gini ba ce, amma shekara huɗu ke nan ina wanke irin wannan bango, don haka ina ganin ina da abin cewa wanda masu aikin ba sa tsayawa su gani, tun da su ranar da suka gama suke tafiya. Namu kore ne, kuma da aka gama shi babu wanda ya shiga bai yaba ba. Kuskuren da aka yi mana shi ne da farin siminti aka cike tsagogin. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, yana barin wani fari-fari idan ya bushe, ga kumfar sabulu, ga ƙurar hunturu da ke shigowa ta taga, sai ga shi kafin shekara ta zagayo layukan nan farare sun koma ruwan ƙasa daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, wasu wuraren kuma suka tsattsage suna zubowa kamar garin alli. Da aka zo gyara sai da wani yaro ya yi kwana biyu a tsugune yana ƙwaƙule tsaga ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa.

A karo na biyu an yi amfani da garin cike tsaga na ainihi da ake sayarwa a leda, kuma na zaɓi mai ruwan toka-toka maimakon fari, wanda har yau bai nuna datti ba. Baban Ummi, ka tabbatar mai laushi aka ba ka, marar yashi a ciki, domin mai yashi yana karce gilashi lokacin da ake goga shi. Kuma idan an gama, ka ja wa amarya kunne, ko ka sa uwargidanka ta faɗa mata, kada ta kusanci bangon da soson ƙarfe ko ruwan asid ɗin nan da ake wanke masai da shi, domin asid yana cinye abin da ke tsagar ne tun kafin ya taɓa dattin. Sabulun ruwa da tsohon burushin haƙori sun isa, sai kuma a riƙa barin taga a buɗe bayan wanka saboda funfuna.

Baban Ummi, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya kuma saƙonki ya riga ya isa wurin uwargida. Jiya an kankare fentin, na ari renji na auna kamar yadda Usta ya ce. Mafi yawan bangon lafiya yake, sai wani kwari a tsakiya, daidai inda aka taɓa fasawa aka binne bututun shawa, wanda faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, zurfinsa kuma milimita tara a inda ya fi nutsawa. An kuma toshe bututun, ruwa ya kwana a ciki, babu yoyo. Yanzu ina tsakanin maganar Injiniya ta a fasa filastar duka da kuma gudun ɓata lokaci, domin masu jere za su shigo kwana uku kafin ɗaurin aure. Sannan ina so a faɗa mini daga ina ake fara jera fallayen, daga ƙasa ko daga sama.

Usta Mai Tayil, Sabuwar Unguwa, Katsina

Da izinin Injiniya, a nan zan ɗan saɓa masa, ko da yake abin da ya faɗa a kan sabuwar filasta gaskiya ne. Tsohuwar filasta da ta shekara da shekaru ta gama duk tsukewar da za ta yi, kuma idan tana riƙe da bulo da kyau ta fi sabuwa aminci. Ka ɗauki ƙotar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa taki bayan taki. Inda ya yi ƙara a dunƙule lafiya yake, inda ya amsa kamar ganga ya rabu da bulo, nan kaɗai za a fasa. Idan wuraren da suka amsa sun yi yawa, to, ka bi maganar Injiniya, kuma ko hakan aka yi mako biyar zai isa. Idan kuwa kwarin nan ne kawai, a cike shi da gam ɗin tayil ɗin kansa a shafi biyu, kowanne bai wuce milimita biyar ba, a ja renji a kan na biyun ya daidaita da sauran bangon, a ba kowane shafi kwana ɗaya. Daga nan sai maganin hana ruwan da Injiniya ya ambata, wanda ni ma ba na tsallake shi a bangon shawa.

Kafin a kwaɓa komai, a share tsakar ɗaki a shimfiɗa falle biyar a jere da tazararsu a auna da tef, domin abin da aka rubuta a kwali santimita 30 ne, amma idan aka haɗa da tazara huɗu da ke tsakani, da kuma kaurin manyan tayil da suka ci wani abu daga kusurwa biyu, sau da yawa sai an yanke layi ɗaya na ƙwayoyi. Ragar ana yanka ta da reza daga baya, ba wahala. Abin da ake gudu shi ne a ƙare da rabin ƙwaya a kusurwa, domin yankan gilashi ƙarami sai da awartakin yankan gilashi mai ƙafafu biyu, kuma ba ya fita da kyau a hannun wanda bai saba ba. Gara a raba 'yar ratar da ta rage gida biyu, silikon, wato gam mai laushi kamar roba, ya rufe ta.

Farawa kuwa ba daga daɓe ake yi ba, tun da daɓen banɗaki a gangare yake zuwa magudana. A auna tsayin falle ɗaya daga wurin da daɓen ya fi ƙasa, a ja layi da fulam, wato abin da magina ke duba daidaito da shi, a kafa siririn katako a ƙarƙashin layin, a fara jeri na biyu a kansa a yi sama, sannan a ja wani layi a tsaye a tsakiyar bango domin a riƙa duba ko fallayen sun fara kwanciya gefe. Bayan kowane jeri a ja da baya a duba, a kuma kafa tocila a jikin bango ta haska daga gefe, duk ƙwayar da ta ɗaga kai ko ta karkace inuwarta za ta tona ta, kuma a lokacin ana iya gyara ta da bakin wuƙa. Gam da ya leƙo a tsaga a cire shi da tsinke tun yana ɗanye. Washegari a cire katakon a sa jerin ƙasa, a rage shi daidai da gangaren daɓe.

Cike tsaga sai bayan awa 24 da sa jerin ƙarshe, ni a kan gilashi nakan ba shi kwana biyu, domin gam ɗin ta tsagogin kaɗai yake samun iska. Da cokalin roba ake tura garin a karkace, a jira kamar kwata na awa, a goge da soso da aka matse sosai ana yawan canza ruwa, idan ya bushe kuma a bi da busasshen ƙyalle a cire hazon da ya rage. Kusurwa biyu da inda bango ya haɗu da daɓe da kewayen bututu ba a cike su da gari, silikon na banɗaki ake sa musu. Bayan nan a rufe ƙofar mako guda kada kowa ya buɗe shawa, ka kuma riƙe mabuɗin a aljihunka, domin masu fenti da ke aiki a gidan nan za su fara zuwa wanke burushi.